Babi na Bakwai: Shuɗiyar Dawa a Gonar Masara

Baƙon da ya ratsa wasu gonakin masara a jihar Kaduna a tsakiyar damina zai iya cin karo da abin da zai sa ya tsaya ya ƙura ido. Masara ta kai ƙugu, an gama maimai, sai ga mai gona riƙe da roba yana ɗibar dawa da hannu yana watsawa a tsakanin kunyoyi, kamar mai ba kaji tsaba. Dawar kuma shuɗiya ce, sai ka ce daga marinar Ƙofar Mata aka tsamo ta. Ba za ta tsiro ba, don an riga an gasa ta. Abin da ke manne a jikinta fumfuna ce mai rai, 'yar uwar wadda uwargida ke gani a kan tuwon da ya kwana uku ta zubar wa kaji. Manomin nan kuɗinsa ya sa ya sayo ta, kilo 10 ga kowace hekta, ya kuma zuba ta a gonarsa da gangan, mako biyu zuwa uku kafin masara ta fara fure.

Sunan wannan dawa Aflasafe. Kafin a gane dalilin da zai sa mutum mai hankali ya shuka fumfuna a gonarsa, sai an koma Ingila, shekarar 1960.

A wannan shekara 'yan talotalo sama da 100,000 suka mutu a gidajen kiwo na ƙasar cikin 'yan watanni. Tsuntsu zai daina cin abinci, ya yi laushi, ya faɗi, in an buɗe shi a tarar hanta ta lalace. Da aka rasa sunan da za a ba cutar, sai aka riƙa kiranta da harafin X. Bincike ya kai ga tunkuzar gyaɗa da aka shigo da ita daga Brazil ana haɗa abincin kaji, a cikin tunkuzar kuma aka sami wata fumfuna mai ruwan ɗorawa da ɗan kore-kore, Aspergillus flavus. Gubar da take fitarwa aka raɗa wa suna daga sunanta, aflatoxin. Labarin bai tsaya a Ingila ba. A lokacin dalar gyaɗa na tsaye a Kano, Najeriya na kan gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa, Turai kuma ita ce babbar mai saye. Nan da nan masu bincike a Samaru suka shiga bin gyaɗa tun daga ƙasa har rumbu don gano lokacin da fumfunar ke shiga, suka kuma nuna cewa jinkirin tuge gyaɗa da rashin busar da ita da wuri na cikin manyan ƙofofinta.

Fumfunar a ƙasa take zaune, tana cin ragowar kara da ganye. Idan ta tashi yaɗuwa sai ta saki ƙurar irinta, iska da ƙwari su kwasa. Tana son zafi, tana kuma son shukar da ta wahala: masarar da ruwa ya ɗauke mata tana goyo, zangarniyar da tsutsa ta huda, gyaɗar da fari ya kama a makonnin ƙarshe. Ta nan take shiga ƙwaya. In aka zo aka zuba amfanin a buhu ko rumbu da sauran laima a jikinsa, sai ta ci gaba da aikinta a cikin duhu. Dafuwa ba ta kashe gubar, suya ma haka. Takan bi dusa da tunkuza ta shiga saniya, ta fito a nono.

Ɗan kaɗan ake magana a kai. Amurka ta ƙayyade kashi 20 cikin biliyan ɗaya a abincin mutane, wato kamar cokalin shayi biyar na sukari a cikin buhu 10,000 na masara. Tarayyar Turai ta sauko da nata zuwa 4. A 2004, a gabashin Kenya, bayan fari ya wahalar da masara sannan ruwa ya sauka a kan girbi, mutanen Makueni da Kitui da maƙwabtansu suka adana masararsu da laima a cikin ɗakuna. An ƙirga mutum 317 da suka kwanta da shawara da kumburi, 125 suka rasu. A cikin masarar kasuwannin yankin an sami wadda gubarta ta haura 46,000 a ma'aunin nan da 20 ne iyakarsa.

Irin wannan mutuwa ta farat ɗaya ita ke shiga jarida, amma ɓarnar da ta fi yawa a hankali take tafiya. Aflatoxin na cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankarar hanta, kuma ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a Afirka ta Yamma, haɗarin na ninkuwa kusan sau 30. Wani bincike da aka wallafa a 2002 a kan yara 480 a Benin da Togo ya sami alamar gubar a jinin kashi 99 cikin ɗari, yaran da suka fi tsumburewa kuma su ne suka fi ta a jini, musamman bayan an yaye su sun koma koko da kunu. Akwai wani abin takaici a nan da ba a cika faɗa ba. Idan aka tsince gyaɗa, mai kyau ta tafi kasuwa ko ƙasar waje, mai tabon ba zubar da ita ake yi ba. Ita ce ke arha, ita ce sau da yawa ke ƙarewa a ƙuli-ƙuli da miyar gidan da ba shi da hali.

To yaya za a yi da abokin gaba da ke cikin kowace ƙasar noma, wanda ba a ganinsa, kuma fesa masa magani a faɗin gona ba ya biyan kuɗinsa? Amsar ta fito daga wani tunani da ya girmi matsalar kanta.

A 1932, wani masanin cututtukan tsirrai a Kalifoniya mai suna Richard Weindling yana fama da mutuwar 'ya'yan lemo a gadon reno. Duk mai renon tumatir ko attaruhu a Kadawa ya san wannan ciwo: tsiro ya fito lafiya, bayan kwana biyu gindinsa ya tsuke ya yi baƙi, ya kwanta. Fumfunar da ke yi wa lemon Weindling wannan ɓarna ita ce Rhizoctonia solani. Yana dubanta a madubin ƙara girman ƙananan halittu sai ya ga wata koriyar fumfuna ta ƙasa, Trichoderma, ta miƙa zarenta ta nannaɗe na Rhizoctonia kamar yadda kauci ke kama reshe, har zaren mai cutar ya narke. Tun 1794 aka san Trichoderma da suna, amma Weindling ne ya fara nuna cewa mafarauciya ce, kuma za a iya sa ta gadin shuka. Bayan shekara huɗu shi da abokin aikinsa Fawcett suka nuna cewa tana yin wannan gadi sosai ne in ƙasar na da ɗan tsami, wanda ke nufin tun ranar farko an san cewa aikinta ya dogara da gidan da aka sauke ta.

Yau an san yadda take farautar dalla-dalla. Tana sakin ɗan ruwan da ke narkar da bangon wata fumfuna, in ɓarɓashin bangon ya dawo gare ta sai ta gane akwai abinci a wannan ɓangaren, ta nufi can. Tana isa ta nannaɗe, ta ƙara kwararo ruwan, ta huda, ta shiga ta shanye abin da ke ciki. Wasu nau'o'inta na fitar da sinadaran da ke hana maƙwabta girma, ɗaya daga ciki ƙamshin kwakwa yake yi, har ma'aikatan ɗakin bincike kan gane ta da hanci. Tana da saurin girma, ta kan mamaye jikin saiwa ta cinye abincin da mai cuta zai dogara da shi. Abin da ya fi ba masana mamaki daga baya shi ne shukar da Trichoderma ta zauna a saiwarta kan zama cikin shiri, har ganyenta na sama, inda fumfunar ba ta taɓa zuwa ba, ya fi jure cuta, kamar garin da aka buga wa ƙararrawa tun maharan suna nesa.

Duk da haka binciken Weindling ya kwanta shekaru da dama. Bayan yaƙin duniya na biyu magungunan feshi suka cika kasuwa, masu arha, masu aiki nan take, waɗanda ba ruwansu da tsamin ƙasa. Sai da cututtuka suka fara jure magungunan, kamar yadda aka gani da benomyl 'yan shekaru kaɗan bayan fitowarsa a 1968, sai kuma da yarjejeniyar Montreal ta sa aka janye iskar methyl bromide da ake turara ƙasa da ita, a 2005 ga ƙasashe masu arziki, a 2015 ga sauran, sannan aka waiwayi koriyar fumfunar da gaske. Tun kafin a janye iskar, Gary Harman na Jami'ar Cornell ya haɗa nau'i biyu a shekarun 1980 ya fitar da T-22, wadda ake sayarwa har yau. A Indiya da Brazil Trichoderma ta zama kayan shagon gona na yau da kullum. Ba kowace ce ta kirki ba kuwa. Akwai 'yar gidansu da ta shiga gonakin naman kaza a Ireland a tsakiyar shekarun 1980 ta yi musu mummunar ɓarna, don ita a wurinta naman kaza ma fumfuna ne, abinci ne.

Shuɗiyar dawa ba ta hanyar farauta take aiki ba. Dabararta ta fi kama da abin da John Rishbeth ya gano a dajin Thetford na Ingila a shekarun 1950. A can wata fumfuna ce ke sauka a kan kututturen bishiyar da aka sare, ta bi saiwa ta ƙarƙashin ƙasa ta kashe bishiyoyin da ke tsaye. Rishbeth ya lura cewa in wata fumfuna marar cutarwa ta riga sauka a kan kututturen, mai cutar ba ta samun wurin zama. Sai masu saran itace suka koma shafa ta a kan kututture da zarar bishiya ta faɗi. Rigegeniya ce babbar dabarar.

Peter Cotty, ma'aikacin sashen bincike na Ma'aikatar Gona ta Amurka, ya kawo wannan tunani kan aflatoxin a ƙarshen shekarun 1980. Matsalarsa irin auduga ne a jihar Arizona, wanda ake ba shanun madara, kuma farashinsa ke faɗuwa in guba ta yi yawa. Da ya tattaro Aspergillus flavus daga gonaki ya gwada su ɗaya bayan ɗaya, sai ya ga ba halinsu ɗaya ba. Wasu na zubar da guba mai yawa, wasu kaɗan, wasu kuma ko ɗigo ba sa yi. Albasa ba ta yi halin ruwa ba. Ɗaya daga cikin marasa gubar, wadda ya sa wa lamba AF36, ta rasa wannan hali ne saboda canji a wuri guda tak cikin ƙwayar gadonta, amma a cin abinci da yaɗuwa ba ta bar 'yan uwanta da komai ba. Cotty ya ce tun da ba yadda za a yi a raba gona da wannan fumfuna, a zaɓa mata wadda za ta zauna. Ya shafa AF36 a jikin alkama da aka kashe tsironta, aka watsa a gona kafin auduga ta yi fure. Alkamar ta zame mata guzuri: laima na sauka sai ta tsiro a jikin ƙwayar, ta saki ƙurar iri ba adadi, ta cika gona. Lokacin da mai gubar za ta taso daga ƙasa, ta tarar kowace kafa da mai ita.

Mutane da yawa sun ɗauki wannan a matsayin ganganci, kuma ba a ga laifinsu ba. Wa zai yarda a ƙara wa gona fumfunar da ake gudu? Amma awo ya nuna cewa yawan fumfunar da ke kan amfanin a lokacin girbi bai ƙaru ba, masu zaman ne kawai suka canja. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta yi wa AF36 rajista a 2003.

A wannan shekarar Cibiyar Binciken Noma ta Ƙasashe Masu Zafi da ke Ibadan, IITA, ta fara nata aikin tare da Cotty, ƙarƙashin Ranajit Bandyopadhyay. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauko AF36 a jirgi. Ba su yi haka ba, kuma a nan ne ƙarfin aikin yake. Fumfunar da ta saba da hamadar Arizona ba lallai ta iya gogayya a ƙasar Zariya ko Mokwa ba, sannan sakin baƙuwar halitta a ƙasar da ba tata ba abu ne da tarihi ya sha nuna illarsa. Sai suka bi gonaki da rumbuna a faɗin Najeriya suka tara dubban samfura, suka gwada kowanne: yana yin guba ko ba ya yi, danginsa na kusa fa, yana iya danne mai guba in an haɗa su a zangarniya ɗaya, yana nan a wurare da yawa ko a lungu ɗaya kawai. Daga dubban nan huɗu suka tsira, Ka16127, La3279, La3304 da Og0222, haruffan farko kuma na nuna inda aka samo su, kamar Lafiya da Ogbomosho. Da ɗan gari akan ci gari. An haɗa huɗun ne domin in yanayin wata gona ko wata shekara bai karɓi ɗaya ba, wata ta tsaya.

A madadin alkama aka ɗauki dawa, wadda ake da ita a gida. Ana gasa ta don kada ta tsiro ta zama ciyawa a gonar masara, a shafa mata ƙurar irin da ɗan abin manni, a rina ta shuɗiya don kada wani ya kai ta injin niƙa. Hukumar NAFDAC ta ba ta cikakkiyar rajista a 2014, masana'antar da aka gina a Ibadan kuma na iya fitar da tan 5 a awa guda. Da aka tattara sakamakon shekara 10, daga 2009 zuwa 2018, an ga gubar ta ragu da fiye da kashi 80 cikin ɗari a gonakin masara da gyaɗa da aka zuba wa. Cikin masara sama da tan 200,000 da aka girbe daga irin waɗannan gonaki, fiye da kashi 95 na ƙasa da iyakar nan ta 20, fiye da kashi 90 kuma sun cika har sharaɗin Turai. Kariyar na bin amfanin zuwa rumbu, tun da fumfunar da ta shiga buhu tare da shi marar guba ce. Senegal da Gambiya, Ghana, Burkina Faso, Kenya da wasu ƙasashe kowace ta sami nata haɗin daga ƙasarta.

Wannan magana ta ɗan gari ta sake fitowa fili a yaƙi da abokin gaban da kowane manomin dawa da gero ya sani da ido, wato ƙuduji, ko wuta-wuta. Tsiro ɗaya na zubar da iri dubu hamsin ko fiye, ƙanana kamar ƙura, su kwanta a ƙasa sama da shekara goma suna jira. Ba sa tsirowa sai sun ji wani sinadari da saiwar hatsi ke saki. An ware wannan sinadari tun 1966, amma aka daɗe ana tambayar abin da zai sa dawa ta riƙa kiran mai shan jininta. Sai a 2005 masu bincike a Japan suka warware: kiran ba na ƙuduji ba ne. Akwai wasu fumfuna da ke zama cikin saiwar mafi yawan tsirrai tun sama da shekara miliyan 400, suna miƙa zarensu nesa cikin ƙasa suna jawo wa shuka sinadarin fosfaras da ruwa, ita kuma tana biyansu da sukari. Su dawa ke kira in ta ji yunwa, ƙuduji kuwa laɓe ya yi yana saurare. Shi ya sa abin da tsofaffin manoma ke faɗa, cewa ƙuduji gonar da ta gaji yake bi, gaskiya ne har a ɗakin bincike: ƙasar da ta rasa fosfaras na sa dawa ta ɗaga murya, duk irin da ke kwance ya ji. A arewacin Kamaru, wajen Marwa, Venasius Lendzemo ya gwada zuba wa dawa da masara waɗannan fumfuna na saiwa, ya ga ƙudujin da ya fito ya ragu. Shukar da aminiyarta ta riga ta amsa mata ba ta ci gaba da kira.

Akwai kuma fumfunar da ke kama ƙudujin kansa. A shekarun 1990 masu bincike suka riƙa tsintar ƙudujin da ya yanƙwane da kansa a gonaki suna duba abin da ya kashe shi. A Mali, a arewacin Ghana, da Samaru inda P. S. Marley ya ware wadda ake kira PSM 197, amsa ɗaya aka samu: wani nau'in Fusarium oxysporum. Sunan kaɗai na tayar da hankalin masanin tsirrai, don 'yar gidan ce ta share gonakin ayabar Gros Michel a Amurka ta Tsakiya a shekarun 1950, wata kuma ke yanƙwanar da tumatir. Amma kowane nau'i a wannan gida da abincinsa, wannan kuwa ƙuduji take ci, ta bar dawa da masara. Ta Ghana, mai suna Foxy 2, ta yi aiki a gwaje-gwajen Afirka ta Yamma. Da aka kai ta yammacin Kenya, rahoton da ya fito a 2014 ya ce ba ta yi komai ba.

Abin da ya yi aiki a Kenya fumfunar Kenya ce. David Sands na Jami'ar Jihar Montana da abokan aikinsa na Kenya suka ɗauki wadda aka samu a ƙudujin yankin, suka zaɓi 'ya'yanta da ke fitar da wasu sinadarai da ƙuduji ba ya jurewa amma masara ke jurewa. Hanyar kai ta ga manomi ita ce abin sha'awa. Da farko a jikin tsinken sakace aka riƙa renonta. Manomiya ta dafa shinkafa, ta bari ta huce a cikin roba mai murfi, ta jefa tsinken, ta riƙa girgizawa har kwana uku, ranar shuka ta sa ɗan kaɗan a kowane rami. A gwajin gonaki 500 a 2014 da 2015, masara ta ƙaru da kusan kashi 56 a babbar damina, 42 a ƙaramar. Kenya ta yi mata rajista a 2021 da sunan Kichawi Kill. Samaru ta riga ta ware tata tun kafin wannan, kuma abin a yi tambaya ne cewa har yau manomin Funtuwa ko Maraɗi ba ya samun irinta a shagon da yake sayen taki.

Dalili ɗaya shi ne waɗannan abubuwa rayayyu ne, kuma duk tsarin sayar da kayan gona an gina shi ne a kan matattu. Kwalbar maganin feshi za ta yi wata da watanni a shagon kwano a zafin Afrilu ba abin da ya same ta. Fakitin Trichoderma a wannan shagon zai iya mutuwa ba tare da kamanninsa sun canja ba, manomi ya saya ya zuba, bai ga komai ba, ya ce ƙarya ce, ya kuma faɗa wa maƙwabta. Wasu magungunan da ake cuɗa iri da su kan kashe ta tare da mai cutar. Ba ta warkar da shukar da ta riga ta kamu, dole ta riga cuta zuwa. Ita ma shuɗiyar dawa tana da sharuɗɗanta: a watsa ta ƙasa na da laima, kada a yi huɗa a binne ta bayan an watsa, kada a makara har masara ta yi gemu. Ba ta taɓa fumonisin, wata gubar dabam da wata fumfunar ke sa wa masara, ba kuma ta ɗauke wa kowa wahalar busarwa a kan tamfol da adanawa a wuri busasshe. Wasu masana na kuma sa ido a kan abin da aka gano a 2009, cewa Aspergillus flavus na iya barbara tsakanin nau'o'inta, don a tabbatar marasa gubar ba su gauraya da masu ita sun haifi wani abu dabam ba. Wanda zai sayar da irin wannan kaya sai ya zama rabin malamin gona, malaman gonar kuma sun yi ƙaranci.

Babban dalilin kuwa a kasuwa yake. Taki na nuna kansa, ganye ya yi kore, buhu ya ƙaru. Aflasafe ba a yi ta don ƙara ko mudu ɗaya ba. Buhun da ta fitar da na maƙwabcin da bai zuba ba kamanninsu ɗaya, kuma a Dawanau mai saye da ido da haƙori yake gwada masara, ya duba ƙwari, ya ciza ya ji bushewa, ya yi ciniki. Ba wanda zai ƙara wa manomi ko naira don gubar da ba a gani ba ta ciki. Shirin AgResults, wanda ya gudana a Najeriya daga 2013 zuwa 2019, ya gwada toshe wannan giɓi ta hanyar biyan masu tara amfanin gona ladan dala 18.75 a kan kowane tan na masarar da aka tabbatar an yi mata aikin. Abin da ya fito shi ne akwai masu saye da ke shirye su biya ƙari da kansu, musamman masu haɗa abincin kaji, waɗanda ke ganin illar gubar a mutuwar 'yan tsaki da raguwar ƙwai, da kamfanonin abinci masu ɗakin gwaji. Manomin da ke cikin ƙungiya mai hulɗa da irin waɗannan ya ga riba. Wanda ke noma don tuwon gidansa, wanda 'ya'yansa ne za su sha kunun, shi ne ya fi buƙata kuma shi ne ya fi wuyar kaiwa. Gwamnatin da ke sa tallafi a buhun taki ba ta da hujjar barin wannan kilo 10 a wuyansa shi kaɗai, domin ribarsa a asibiti take fitowa, kamar ta allurar riga-kafi.

Akwai wani hali na fumfunar da ke ƙarfafa wannan hujja. Ƙurar irinta ba ta san iyakar gona ba. Iska na kai ta gonar maƙwabcin da bai sayi komai ba, wani kaso kuma na kwana a ƙasa ya kai damina mai zuwa, ko da yake yana raguwa in an daina zubawa, shi ya sa ake ba da shawarar a maimaita kowace shekara. Manoman audugar Arizona sun fahimci haka da wuri. Majalisarsu ta binciken auduga ce ta gina masana'antar AF36 a Phoenix da kuɗin manoman kansu, suka riƙa zuba ta a yanki-yanki, gona na jingine da gona, har masu gubar suka koma 'yan tsiraru a ƙasar kwari guda. A ƙauyen da gonaki ke hekta ɗaya ko biyu, kunyar wannan na taɓa ta wancan, manomi ɗaya da robarsa na yi wa mutum huɗu aiki kyauta yayin da ƙurar gonakinsu ke dawo masa da mai guba. In masu unguwa da ƙungiyar manoma suka sa rana ɗaya, bayan ruwan dare, kowa ya fito da tasa robar, lissafin kilo 10 a hekta bai canja ba, amma iskar da ke kaɗawa a kan masarar garin gaba ɗaya ta canja.